Kalmar da 'Yata Ta Ƙi Karantawa

'Yata ta biyu ba ta da surutu, amma tun tana aji ɗaya take karanta duk abin da idonta ya faɗa a kai: buhun shinkafa, bayan adaidaita, kwalin ashana. In muka shiga kasuwar kifi sai na riƙa jan hannunta, don tsayawa take tana haɗa baƙaƙen allon shaguna. Shi ya sa ranar da ta dawo tana hawaye ta ce an yi musu gwaji, kuma za a mayar da ita rukunin masu koyon baƙaƙe, na ajiye ludayi na ce, "Wace malamar ce ta faɗa?"

Ni ina da saurin hawa, kowa a unguwarmu ya sani. Washegari na yafa mayafi na sa ta a gaba, ina tafe ina shirya maganganun da zan zazzage.

A zamaninmu malam ne ke karantawa mu bi shi da ƙarfi, wanda ya fi buɗe maƙogwaro shi ne gwani. Abin da na tarar daban ne. Malamar ajinsu, wata matashiya 'yar Filato da ba ta daɗe da zuwa Haɗeja ba, ta sa benci a gindin bishiya tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya faɗi sautin baƙaƙe, ya karanta ɗan labarin da bai taɓa gani ba, ta tambaye shi abin da ya faru a ciki. Daga nan ta yi masa shifta a allo, ta zube marafan kwalba ya yi tarawa da ɗebewa. Na tsaya ina kallo har fushina ya fara sanyi, abin da ban so ba.

Bayan mun gaisa ta ce, "Mama, lissafinta ba laifi, rubutunta ma haka. Amma labarin nan ko kalmar farko ta kasa. Na jira, na nuna mata da yatsa, ta sunkuyar da kai. Ƙa'idar gwajin kuwa, in yaro ya kasa layin farko sai a tsaya."

Na ce, "Malama, yarinyar da ke karanta mini takardar magani? A sake a gabana."

Aka sake. 'Yata ta dubi takardar, ta dube ni, ta yi gum. Na fizge takardar ina cewa yau sai na ga wace irin kalma ce wannan.

Malama ta ce, "Yawwa, Mama, ki karanta mata ta ji."

Na buɗe baki, na mayar na rufe. Labarin wani mutum ne da jakinsa, kuma da sunan mutumin aka fara. Sunan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. A gidanmu ba mai kama wannan suna. Ɗan yayana da aka sa wa shi, Baba Ƙarami muke ce masa, kuma ni da kaina na sha murɗe wa yara baki a kan haka.

Da Malama ta ga na yi shiru, sai ta rage murya cikin tausayi ta ce, "Ba komai, Mama. Akwai ajin manya da yamma, mata da yawa suna zuwa."

Ni da na gama sakandare! Dariya ta ƙwace mini har na zauna a kan bencin ina share ido da bakin mayafi. Da ƙyar na yi mata bayani. Ta dafe kai ta ce, "Wayyo ni! Mu ma ba ma kiran sunan manya, amma ban kawo abin zai bi yaro har cikin takarda ba." Ta juya ga 'yata ta ce, "To, duk inda kika gan shi, ki faɗi abin da kuke ce masa a gida."

Yarinya ta gyara tsayuwa ta fara: "Baba Tsoho ya ɗaure jakinsa a bakin kasuwa." Ta zarce tiryan-tiryan har ƙarshe, ta amsa tambayoyin duka. Ina ji ina ƙunshe dariya, don mahaifina masunci ne, a cikin kwalekwale ya ƙare rayuwarsa, bai taɓa mallakar jaki ba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Malama ta ce 'yata ta wuce zuwa rukunin masu karanta labari, amma saura abu ɗaya: dole ta tabbatar yarinyar ta san kalmar da kanta. Ta kife takardar, ta miƙa mata alli da allo ta ce, "Ba sai kin faɗa ba. Rubuta mini."

'Yata ta ɗago ta dube ni, tana jiran izini. Na gyaɗa mata kai. Ta rubuta sunan a hankali, baƙi bayan baƙi, tana cije leɓe, ba kuskure ko ɗaya. Mahaifina bai rayu ya gan ta ba, ga shi yau sunansa ya fito daga hannunta.

Malama ta ɗauko tsumma za ta goge don yaro na gaba. Na riƙe hannunta na ce, "Malama, don Allah bar shi tukuna."