Hajiya Hawawu Mai Shikore

Kafin motar kwasar shara ta gama zagaya unguwarmu ta Morrisania, Hajiya Hawawu ta riga ta buɗe ƙofar lambun unguwa, ta ɗaura zani a kan wandon sanyi, ta durƙusa a ɗan filinta. Sai ta gama da shi take kama bas zuwa gidajen tsofaffin da take jinya. Kowa a lambun nan kuɓewa da gauta yake shukawa saboda kewar gida. Ita kuwa, wai shikore.

'Yan Nijar ɗinmu a gwangwanin kofi kawai suka san shikore. Hajiya ta ce a'a, saiwa ce fara, doguwa kamar karas, kuma ci ake yi. Wata tsohuwa 'yar Italiya da ta yi wa jinya ce ta damƙa mata irin gab da rasuwarta, ta ce uwarta ce ta zo da shi daga ƙauyensu, kada a bari ya ɓace. Hajiya ta ce ta ɗauki amana.

Ɗaci kam akwai shi, ranar farko da aka ɗanɗana har da masu neman ruwa a guje. Amma Hajiya 'yar Kumasi ce da ta tashi da wankin shuwaka. Ta fere saiwar, ta tsaga ta cire tsakiyar, ta tafasa ta zubar da ruwan farko, ta soya da albasa da yaji. Wallahi yanzu in Nuwamba ta yi, sai an yi rabo da cokali.

Shikore ba ya ba da iri sai a shekara ta biyu, lokacin da yake miƙewa ya yi shuɗin fure sak ciyawar bakin titi. A 2014 gwiwa ta kwantar da Hajiya. Malam Zailani, direban tasi ɗan Maraɗi, ya tara abokansa suka yi mata gayya. Noma kam sun iya. Ya je gaishe ta yana murna.

"Hajiya, mun tuge miki ciyawar nan kakaf."

"Wace ciyawa, ƙanena?"

"Mai shuɗin furen nan."

Hawaye suka zubo mata. Ko ƙwayar iri ɗaya ba ta rage a gida ba.

Washegari ta dogara sanda har lambu, ta tone tulin ciyawar, ta tsamo saiwoyin da ba su bushe ba, ta yanka gunduwa-gunduwa kamar mai dashen rogo, ta binne. Kunya ta sa Zailani zuwa ban ruwa kullum in ya dawo daga jigilar filin jirgin JFK. Ranar da ganye ya leƙo, Hajiya ta rangaɗa guɗar da ta tsayar da masu wucewa.

Hajiya, ke ce wadda aka ɓata wa shuka, kika aika wa masu ɓarnar da tukuicin waina. Ke ce kika riƙe amanar tsohuwar da ba danginki ba, ba mai addininki ba. Gwanar lambu, sannu da aiki.

Bana ta ajiye aikin jinya, gobe za ta koma Kumasi. Jiya ta ƙulle irin a tsumma ta miƙa wa Zailani.

"Ni da na tuge shi, Hajiya?"

"Ai yanzu babu wanda ya kai ka sanin fuskarsa."

Mun gode, Hajiya, Allah ya kai ki gida lafiya. Ku kuma 'yan lambu, wanda aka ba amana ya riƙe ta irin riƙon Hajiya. In kun ga shuɗin fure a filin Zailani, ku yi tambaya kafin ku sa fartanya.