Kafso Biyu na Nanay Piling

Duk unguwarmu ta bakin teku a Iloilo "Dakta" ake kiran mahaifiyata, Nanay Piling, ita da ko firamare ba ta gama ba. Ɗan shago gare ta a tagar gidanmu: busasshen kifi, sabulu, da kwalbar alawa cike da kafso mai kashe ƙwayoyin cuta. Tari ne, ciwon haƙori ne, biyu za ta ba ka. In rauni ne ta ɓare ɗaya ta barbaɗa garin. Haka ta taso ta ga ana yi, kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

Da ƙodar mahaifina, Tatay Ambo, ta gaza, aka sa masa roba a wuya, ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Nas ta ja mana kunne: kada a taɓa wurin, in zazzaɓi ya zo a kawo shi. Nanay ta ce to. Muna isa gida ta taɓe baki.

"Wannan yarinyar yaushe aka haife ta? Ambo, miƙo wuyan nan."

"Haba Dakta, ki bar ni in mutu a hannun masu takarda mana," in ji shi, yana dariya yana miƙawa.

Wata takwas ana haka. Jikinsa na yin ɗumi, kafso biyu. Bakin robar na yin ja, a ɗaga filasta a barbaɗa. Ni ke riƙe filastar.

Ranar da rawar sanyi ta kama shi a kan injin wankin ƙodar, likita ta ja ni waje. "Inday, gaya mini gaskiya, yana shan wani magani a gida? Da amsarki zan zaɓi allurar da zan fara." Na hango Nanay tana yi masa fifita da kwali. Na ce a'a.

Aka fara da allurar da aka saba. Sai bayan kwana uku gwajin jini ya fito: ƙwayar cutar ta daɗe da daina jin wannan maganin. Aka canza, amma an makara. A rana ta shida muka rasa shi. Likitar ta ce irin wannan ƙwayar a asibiti ma ana ɗauka, ba a iya cewa daga ina ta zo. Hakan bai sanyaya mini rai ba. Na san abin da bakina ya faɗa, kuma kullum da shi nake kwana nake tashi.

Nanay ba ta san komai ba. Shekaranjiya muna wankin kifi ta ce, "Inday, kin san abin da ke cina? Safiyar ranar da rawar sanyi ta kama babanki, biyu na ba shi. Da huɗu na ba shi, da yana nan."

Kafin in sami bakin magana maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa taga, wai jaririyarta na tari. Nanay ta dubi hannunta duk ƙarnin kifi.

"Tashi ki miƙa mata biyu, 'yar albarka."