Ranar da Anti Gurbi ta bar shafinta a buɗe

Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa, na ba wata baiwar Allah hayar ɗakin bakin ƙofa. Mutanen layi Anti Gurbi suke ce mata, don ba ta gama gaisuwa sai ta ce wuri kaza akwai gurbin aiki. Da can mai buga takardu ce a wani ofis. Da ofishin ya rufe, ta sayi tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi, ta buɗe shafi a intanet tana ba masu neman aiki shawara. Daga baya ta ƙara masa wani ɗan abu da ke jera tallan guraben aiki. Ta ce mini kamar a fasa shago ne a jikin gida.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ina ganin yadda take yi. Talla ba ta hawa shafin sai ta kira lambar ta ji murya. In abin bai kwanta mata ba, sai ta sa takalmi ta je ta ga ƙofar wurin da idonta. Har tsiya nake mata, in ce ta fi 'yan sanda bincike.

Sai ciwon ido ya kama ta, likita ya hana ta kallon kwamfuta. Masu talla suka dame ta da kira. Ta ce akwai wani ɗan akwati a shafin, in ta taɓa shi kowa zai iya sa tallarsa ba sai ta duba ba.

"Na ɗan lokaci ne, Inna," in ji ta, ta taɓa akwatin.

Wata rana da azahar mai guga, maƙwabcinmu, ya yi sallama yana murmushi. Godiya ya zo yi. Ya ce babbar 'yarsa ta ga talla a shafin, wani otal yana neman 'yan mata, tun safe ta tafi. An ce kowace ta je ita kaɗai, ba ɗan rakiya. Shi kuwa tunda daga wurin Anti abin ya fito, bai tambayi komai ba.

 Anti ta cire baƙin gilashin da take sawa saboda ciwon, ta buɗe kwamfutar, idon yana zubar da ruwa, ta kusa manna fuska da allon. Tallar ba sunan otal, sai kwatancen wani lungu bayan tashar mota. Lambar a kashe. Wayar yarinyar ma a kashe. Mai guga yana tsaye, murmushin bai gama barin fuskarsa ba, yana tambayar ko lafiya.

Anti ta sauke tallar, ta rufe akwatin, suka fita tare neman yarinyar. Ni na zauna a kan sallaya, carbi a hannuna, na kasa sanin inda na tsaya. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layi, sai in ɗaga kai in dubi ƙofa.

Kafin su dawo, yarinyar ta faɗo gidana da takalmi ɗaya. Ta ce wurin ba otal ba ne, sito ne mai ƙofar ƙarfe. Wani mutum ya karɓe wayoyin 'yan matan da suka je, wai doka ce. Da ta ga an ja sakata, ta roƙa a nuna mata banɗaki, ta haura ta katangar baya.

Na ba ta ruwa, na kira su a waya. Uban ya shigo yana hamdala. Anti ta durƙusa ta kama ƙafafun yarinyar. Yarinyar ta dube ta.

"Anti, ba ni kaɗai ba ce. Na bar wasu a kan benci. Duk sun ce a shafinki suka gani."

Anti ta miƙe ta rungumi kwamfutar, wayar caji tana jan ƙasa, ta ce ofishin 'yan sanda za ta. A bakin ƙofa ta yi tuntuɓe, idon ya rufe ruf. Na yafa mayafina, na riƙe mata hannu, muka tafi.