Gemun Tauno

Shekara arba'in Aulis ya yi yana ƙira a masana'antar ƙarfe ta ƙauyensu a kudancin Finland, kuma bai taɓa ajiye gemu ba, don mai aiki cikin tartsatsi ba ya wasa da gashi. Da aka rufe masana'antar aka mai da ita wurin kallo, sai aka nemi wanda zai riƙa tsayawa bakin wuta saboda baƙi. Aka ɗauki maƙwabcinsa Tauno, tsohon direban motar madara, don yana da farin gemu har ƙirji.

Kullum Aulis sai ya zo ya zauna a benci da kofin gahawarsa, baƙi na yi wa Tauno tafi, shi ko abin na cinsa a rai.

"Kai direba, guduma ce a hannunka, ba sitiyari ba," ya ce. "Ƙarfen nan ya huce tun ɗazu."

Tauno ya shafa gemu. "Tsoho, hoto suka zo ɗauka, ba sayen ƙusa ba."

Wata Asabar wata baƙuwa ta miƙa wa Aulis wayarta, ta roƙe shi ya ɗauke ta hoto tare da maƙerin. Ya karɓa da hannunsa mai tabon ƙuna, ya daɗe yana saiti. Matar ta fito tsaf, da uwar maƙera, ƙarfen da Aulis ya ƙare ƙuruciyarsa yana dukan ƙira a kansa. Tauno kuwa gwiwar hannunsa kaɗai ta shiga.

"Baba, ai maƙerin bai fito ba," ta ce.

"Ina zai fito, 'yata? Shi ya ɗauki hoton."