Littafin da Malam Yunus Ya Cusa Mini a Riga

Safiyar ranar ba ta bambanta da sauran ba. Bayan sallar Asuba na sayo burodin tamis da wake, muka karya ni da Malam Yunus a ɗakinmu na bayan unguwar Batha a Riyadh. Ɗan jarida ne daga China, Musulmi. An rufe jaridarsa a can, an ɗaure shi. Da aka sake shi ya zo Umara, bai koma ba. A Riyadh ma bai ajiye alƙalami ba. Yana bin leburorin da kafilansu, wato iyayen gidansu, suka riƙe wa fasfo, yana jin ta bakinsu. Ni na gama jami'a ina jiran takardata, sai na zama tafintansa.

Ƙarfe tara, ina jin, wani direba ɗan Maraɗi ya zo ba da labarinsa. Tara da rabi muka ji fashewar gilashi. Sai gudu a matakala. Sai ihun mace daga bene na biyu. Sai muryoyin maza a bakin ƙofa.

"Iƙama! Kowa ya fito!"

Ba zan rantse ko su wane ne ba. Wasu da kaki, wasu samari ne da sanduna. Ina da iƙama, wato izinin zama, amma babu mai tsayawa duba takarda. A gabana aka buga wa wani Bahabashe ƙarfe a ka. Ya zauna a ƙasa kamar mai hutawa.

Malam Yunus ya zaro ƙaramin littafinsa ya cusa mini a riga.

"Tafi! Tafi!"

Na dira ta tagar baya, na bi lungun masu sayar da waya. Goma da kwata na waiwaya sau ɗaya. Ana jan shi zuwa bas, hannuwansa a sama, takalmi ɗaya a ƙafarsa.

Na yi ta tafiya a ƙasa har Azahar. Wani mai tifa ya kai ni unguwar Naseem, na ɓuya a can. Kwana tara ban leƙa waje ba. Daga baya aka ce an mayar da shi ƙasarsu. An ce ne kawai.

Littafin yana wurina a Zariya. Da rubutun China ya cika shi, ni kuwa ban iya ba. Sau biyu na je Kano wurin 'yan China da shi a aljihu, na dawo ban fito da shi ba. Ina zargin akwai sunayen mutanen garinsu a ciki, iyalansu kuma suna can.

Mutum ashirin da uku na yi wa tafinta. Sunan shida kawai nake iya tunawa.