Masuncin da ke shafa turarena ya wuce

Kasuwa uku a jere wani dattijo masunci yana zuwa teburina a Madarumfa, ya dangwali turare ya shafa, ya wuce bai saya ba. A shekarun saba'in ne, ina saurayi. Na ce a raina, wannan ɗan banza-ta-faɗi ne.

Ran kasuwa ta huɗu, ina hango shi na rufe kwalabena.

"Baba, yau ma shafawa za ka yi ka wuce?"

Ya ce, "Ɗana, gwadawa nake. Wanda zai raka ni tafki, ya kai ni masallaci nake nema. In na shiga sahu, matsawa ake saboda ƙarnin kifi."

Kunya ta rufe ni. Na zaɓo masa mai daɗewa a jiki, ya saya.

Ku fa, wa kuka taɓa zarga a banza?