Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni mutum ne mai son a ce nawa daban. Tun matata na da cikin wata biyar na rantse idan mace aka haifa ba zan sa mata sunan da za a kira a ƙofar islamiyya yara bakwai su waiwayo ba. Abokan aikina a sakatariyar Kankia har sun gaji da ni. Kullum ina duƙe kan waya ina bin jerin sunaye, wannan ya yi nauyi a baki, wancan wani ya riga ni.

Sunan da na zaɓa bai fito daga waya ba. Ina kan babur da hantsi, na baro Kusada, dawa ta yi tsawo hagu da dama, sai na ji bakina yana maimaita wani suna a hankali, kamar mai rarrashi. Na tsaya gefen hanya na sake faɗa. Ban taɓa jin mai shi ba, amma ya zauna mini a harshe kamar tsohon takalmi a ƙafa. Na kai wa liman, ya ce ma'anarsa mai kyau ce, sai dai shi ma bai taɓa raɗa wa kowa shi ba. Daɗi ya kashe ni. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da aka haihu na yi mata huɗuba a kunne, na kama bakina har kwana bakwai. Inna, mahaifiyata, ita ce kan komai: ruwan wanka, kunun kanwa, gashin cibiya. Jaririyar ba ta sauka daga cinyarta.

Ranar suna da safe muna zaure aka shafa fatiha, sanƙira ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Na saurari guɗa. An fara, sai ta yanke a tsakiya. Da na shiga na tarar da ƙwaryar kunu a kife, Inna tsaye tana kallona kamar baƙo ya faɗo mata gida.

"Wa ya hwaɗa maka?" ta ce.

"Faɗa mini me, Inna?"

Ta shige ɗakinta ta saki labule. Daga ranar ba ta ƙara taɓa yarinyar ba. Idan an fito da ita tsakar gida, sai Inna ta juya fuska bango. Na ji haushi ƙwarai, don na ɗauka sunan ne ta raina, kuma na faɗa wa matata haka da ƙarfi yadda za a ji.

Washegari na hau babur zuwa Bauranya wurin yayar Inna, tsohuwa da idonta ya fara rauni. Na same ta tana ɓarzar gyaɗa. Na faɗi sunan, hannunta ya tsaya cak.

"Kai yaro," ta ce, "ba ka taɓa tambayar kanka ba, don mi uwarka ka kiran sunanka gatsau, kai da kake cewa kai ne na hwari?"

Gaskiya ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko da wasa. Ni kuwa Inna na kiran nawa tun daga ƙofar gida, har nakan yi taƙama da cewa uwata wayayya ce.

"Akwai ɗiya kahin kai. Nan ɗakin anka haihe ta. Ubanka ya sa mata sunan wata mata da ta yi jinyarsa can gaba da Maraɗi, lokacin da shika fatauci. Kwananta sha ɗaya ta koma. Uwarka ko ba ta samu ta kira ta ba, kunya ta hana, kuma bayan nan ba wanda ya ƙara tada maganar."

Na ce to ni a ina na ji? Mahaifina ya rasu ina ƙarami.

Ta ture gyaɗar gefe, ta ce, "Sau ɗaya na iske uwarka bakin rijiya, kana goye, tana jijjiga ka tana motsa baki. Ban ji abin da take cewa ba. Wataƙila nan ne. Wataƙila kuma ba nan ba ne."

A hanyar dawowa ban yarda na kalli wurin da na tsaya rannan ba. Lissafi kawai nake yi: yau kwana takwas, saura uku. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji kunyar abin da na faɗa a tsakar gida. Na yi tunanin canza sunan, amma an yanka rago, an raɗa, gari ya ji.

Ranar sha ɗaya yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Muka kai ta asibiti, aka ba da magani, muka dawo. Inna ba ta fito ba, ba ta ci abinci ba, daga waje ana jin ƙarar carbinta kawai. La'asar ta yi, magariba ta yi, zafin jikin yarinyar ya sauka, ta kama nono.

Da safiyar sha biyu Inna ta ɗaga labule ta zo ɗakinmu, ta ce wa matata ta ɗan ba ta wuri. Ni ina bayan ƙofa, ban kuma ji nauyin laɓewa ba. Yarinyar na ta tsala kuka. Na ji Inna ta ɗauke ta, ta yi gyaran murya sau biyu, sannan ta kira sunan. Muryar ba ta tsohuwa ba ce. Muryar yarinya ce mai jegon fari, wadda ban taɓa sani ba.

Kukan ya tsaya nan take.

Sai na ji Inna ta ce, a hankali, "Kin daɗe."